Tambaya da Amsa: Yadda Ake Gyara Tsohuwar Matakalar Dutse Ba Tare da An Lalata Ta Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna cikin gyaran gidan da mahaifinmu ya bari a Unguwar Rimi, wanda aka gina shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai. A bakin barandar gidan akwai matakala ta dutse mai hawa biyar. Tsakiyar kowane hawa ya ɗan lotsa, bakin wasu ya ɓantare, ɗaya yana motsi idan an taka shi, kuma wani gyara da aka taɓa yi ya bar dabbaren siminti a jikinsu. Da damina kuwa gansakuka ke rufe su. Birkilan da ke mana aiki ya ce a manna tayil a kai a huta, wani kuma ya ce zai kawo inji ya goge su har su riƙa ƙyalli kamar daɓen banki. Mahaifiyarmu tana zaune a gidan, kuma ƙafarta ta fara rauni. Wace shawara za mu bi? (Daga wani magidanci, Unguwar Rimi, Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifi, ya ƙara wa Hajiya lafiya. A ganina kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu. Abin da ake nema a wurin matakala shi ne kowane hawa ya zauna daram, tsawonsu ya zo daidai da juna, ruwa ya riƙa zurarewa daga kansu, kuma ƙafa ta sami abin kamawa ko da a jiƙe suke. Ƙyalli ba ya cikin waɗannan buƙatu, hasali ma kishiyarsu ne, domin dutsen da aka goge har ya yi sulɓi yakan koma tarko da zarar ruwan sama ya sauka a kansa ko wani ya zauna a bakin baranda da buta ya yi alwala. Tayil kuwa zai ƙara wa kowane hawa kaurin santimita 2 zuwa 3, sai hawa na farko ya fi sauran tsawo, na ƙarshe ya gaza su, kuma irin wannan rashin daidaito ne ke kayar da tsofaffi. Ban da haka, Kaduna tana samun ruwan sama sama da milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, kuma idan ruwan ya sami hanya ta bayan tayil, ba a jima ba tayil ɗin zai fara ƙara kamar ganga, bakinsa ya tsattsage, a wayi gari an rasa tayil ɗin kuma an ɓata dutsen da ke ƙarƙashi.

Kafin kowa ya jona inji, a fara sanin irin dutsen. Ƙasar Kaduna tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin giranit da danginsa, wanda ake gani a tsaunukan Kajuru da Dutsen Kufena na Zariya, kuma shi ake fasawa a wuraren fasa dutse na wajen gari. Ana gane shi da ɗigo-ɗigon fari da baƙi, wani lokaci da ruwan hoda. Ka sami wani lungu da ido ba ya kaiwa ka karce shi da bakin wuƙa. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, giranit yana tsakanin 6 da 7, ƙarfen wuƙa kuwa yana wajen 5 da rabi, saboda haka wuƙar ba za ta ci shi ba, sai dai ta bar zanen ƙarfe da ke gogewa da yatsa. Idan ta ci shi har ya fitar da farin gari, ka ɗiga ruwan lemon tsami a kan garin. In ya yi ɗan kumfa, mabul ne ko dutsen farar ƙasa, waɗanda taurinsu bai wuce 3 zuwa 4 ba. Idan kuma ja ne mai ramuka yana marmashewa, to jar marmara ce, wadda ba a kusantarta da inji ko kaɗan. Lotsawar da ka ambata ma shaida ce. Giranit yana da wuyar ci, don haka idan ramin da ƙafa ta yi a cikin shekaru sittin da 'yan kai ya yi zurfi sosai, akwai alamar dutsen ya fi giranit laushi. Zan ci gaba da bayani a kan cewa giranit ne, tun da shi ya fi yawa a matakalar waje a wannan yanki.

Aiki na farko shi ne hawan da ke motsi, domin goge dutsen da bai zauna ba ɓarnar kuɗi ne. A ɗaga shi da ƙarfe a hankali, a sa guntun katako tsakanin ƙarfen da bakin dutsen don kada ya ƙara ɓantarewa. A kwashe tsohon kwaɓin da ya ruɓe, a duba ko ruwan indararo ko gidan tururuwa ne ya rarake ƙasan, a cike a daddage, sa'an nan a mayar da dutsen a kan sabon kwaɓi na siminti kashi 1 da yashi mai kaifi kashi 3 ko 4. Kwaɓin ya cika ƙarƙashin dutsen gaba ɗaya. Wasu magina sukan ɗora dunƙule huɗu a kusurwoyi su bar tsakiya fanko, kuma daga nan ne dutse ke karyewa. A lokacin zaunarwar ne ake gyara abubuwa biyu da inji ba zai iya gyarawa daga baya ba. Na farko, kowane hawa ya ɗan sunkuya waje da kamar milimita 3 zuwa 5 a faɗinsa, yadda ruwa ba zai kwanta ko ya koma jikin gini ba. Na biyu, a auna tsawon hawa biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya. Abin da ƙafa ta fi jin daɗinsa shi ne tsawo na santimita 15 zuwa 18 da faɗin wurin takawa na santimita 28 zuwa 30, amma abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne kada bambancin da ke tsakanin hawa da hawa ya kai santimita 1.

Daga nan sai wanki, kuma sau da yawa bayan wanki mai kyau mutum yakan ga cewa rabin abin da ya ɗauka lalacewa ce ashe dauɗa ce kawai. Ruwa da sabulu da buroshi mai tauri na roba sun isa. Kada a yi amfani da buroshin waya, domin yana barin ɓurɓushin ƙarfe a cikin ƙofofin dutse, damina ɗaya sai ka ga ɗigon tsatsa ko'ina. Gansakuka kuwa a zuba mata ruwan bilic da aka sirka da ruwa, a bar shi kamar minti 15, a goge a ɗauraye sosai. Dabbaren siminti da cizal da ƙaramar guduma ake ɓamɓare shi, a kwantar da bakin cizal ɗin yana bin fuskar dutsen, ba a tsayar da shi yana sara ba. Na san masu aikin tayil da dama sun saba wanke siminti da asid, har da ruwan batir. Giranit yana iya jure asid mai rauni na ɗan lokaci, amma asid ɗin yana cinye kwaɓin da ke tsakanin duwatsu, kuma yakan tayar da tsatsa daga ƙarfen da ke cikin dutsen kansa, ya bar rawayan tabo mai wuyar fita. Abu mafi haɗari shi ne haɗuwar asid da bilic, domin suna fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Kada a taɓa zuba ɗaya a bayan ɗaya a wuri guda.

Game da lotsawar tsakiya, ra'ayina shi ne a bar ta matuƙar ba ta tara ruwa. Sawun mutanen gidanku ne na shekara da shekaru, kuma ba ta cutar da kowa. Idan tana tara ruwa, a rage gaban ramin kaɗan ta wajen baki don ruwan ya sami mafita. Abin da ba na so shi ne a ce za a gurje dukan fuskar hawan har ta sauko daidai da gindin ramin, domin hakan yana cin dutse mai yawa, yana rage kaurinsa, kuma yana ɓata daidaiton tsawon da muka yi magana a kai. Idan ramin ya yi zurfi ƙwarai, tsofaffin magina suna da dabara: su ɗaga dutsen su kifa shi, ƙasansa ya koma sama, a gyara sabuwar fuskar. Bakin da ya ɓantare kaɗan a sassauta kaifinsa kawai. Wanda ya ɓalle da yawa, idan guntun yana nan, ana iya mayar da shi da gam ɗin ifoksi na dutse bayan wurin ya bushe sarai. Siminti zalla da aka liƙa a bakin matakala ba ya daɗewa.

Yanzu sai gurzar kanta. Samfefa ta kafintoci ba ta cin giranit. Abin da ke cinsa shi ne faifai mai ƙwayoyin daimon da ake maƙalawa a injin gurza na hannu, kuma ana sayar da shi a jere da lambobi: 50, 100, 200, 400, 800, 1500 da 3000. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babbar lamba mai laushi. Ana farawa da 50 don cire sauran siminti da tudun da ya fito, sai 100 ya share zanen da 50 ya bari, sai 200 ya share na 100. Ba a tsallake lamba, domin duk zanen da aka bari a baya zai fito fili daga ƙarshe. Ga matakalar waje, a tsaya a 200. Dutsen zai yi lumui a hannu, launinsa ya fito, amma ba zai ɗauki hoton mutum ba. Daga 800 zuwa 3000 ƙyalli ake nema, kuma wannan aikin teburin kicin ne da bango, ba wurin da Hajiya za ta taka da silifas a jiƙe ba. Mai aiki nagari yakan zana fuskar dutsen da fensir kafin kowace lamba, ya yi ta bi har zanen ya ɓace ko'ina, ta haka yake sanin bai bar wani wuri ba kuma bai daɗe a wani wuri har ya yi rami ba. Ya riƙe faifan a kwance, kada ya jingina shi a gefe guda, kuma ya bar nauyin injin ya yi aiki. Kusurwoyin da faifai ba ya shiga da hannu ake bin su, da ɗan bulo mai daimon ko dutsen washi. Bakin kowane hawa kuma a ɗan kashe masa kaifi da milimita 3 zuwa 5, don kada ya yanki ƙwaurin yaro kuma kada ya riƙa ɓantarewa.

Ka kula da irin injin da zai zo da shi. Ƙaramin injin da masu walda ke yankan ƙarfe da shi yana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya, alhali waɗannan fayafai ba a so su wuce kimanin 4,000. Idan aka ɗora su a kan inji mai irin wannan gudu, robar da ke riƙe daimon ɗin tana narkewa ta bar baƙin tabo a dutse, wani lokaci ma faifan ya fizge ya tashi. Saboda haka sai inji mai maɓallin rage gudu.

Akwai maganar da nake so ka ɗauka da nauyi ko da mai aikin ya raina ta, wato ƙura. Aƙalla kashi 20 cikin 100 na giranit ma'adinin kwaz ne, kuma idan aka gurje shi a bushe yana fitar da ƙurar wannan ma'adini, wato ƙurar silika, mai laushin da ido ba ya gani, wadda ke shiga can cikin huhu ta zauna. Ita ce ke haddasa cutar silikosis da ake samu a tsakanin masu fasa dutse. Cutar ba ta da magani, kuma tana ƙara wa mutum haɗarin kamuwa da tarin fuka. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan ƙura. A yi aikin da ruwa, wani yana tsiyaya shi kaɗan-kaɗan a gaban faifan, mai aikin kuma ya sa takunkumi mai lambar N95 ko wanda ya fi shi, da tabarau na kariya. A rufe tagogin da ke kallon baranda, a kawar da Hajiya da yara daga wajen. Taɓon da ya taru a wanke shi tun yana ɗanye, domin idan ya bushe aka share da tsintsiya, ƙurar da aka guje wa ce ta dawo. Sai dai ruwa da lantarki ba sa ga maciji, ko wutar gari ce ko ta janareta. A tabbata layin yana da na'urar da ke katse wuta idan ta zurare, mai ƙarfin miliamfiya 30, mai aikin ya sa takalmin roba, kuma kada a bar wayar da aka haɗa da salatif tana kwance cikin ruwa, abin da na sha gani a wuraren gini.

Bayan gurza sai a ba ƙafa abin kamawa. Yadda iyayenmu mata ke koɗa dutsen niƙa idan ya yi sulɓi ya daina cin hatsi, haka ake yi wa matakala: a ja layi biyu, a koɗa tsakaninsu da guduma mai haƙora ko cizal mai tsini, a sami zirin kaushi mai faɗin kamar santimita 5 a tsawon kowane hawa. A bar tazarar santimita 2 zuwa 3 daga baki, domin dukan bakin dutse kai tsaye yana fasa shi. Wasu sukan tsaga siraran layuka biyu ko uku da inji a maimakon haka, kuma yana aiki, sai dai layukan suna tara ƙasa. Gwajin kuma mai sauƙi ne: a kwara ruwa, ka sa silifas na wanka ka taka da kanka. Ina kuma ba da shawarar a kafa ƙarfen dafawa mai tsawon kamar santimita 90 a gefe ɗaya saboda Hajiya. Masu walda na kasuwar Panteka ta Kaduna za su haɗa maka shi, amma a kafa ƙafafunsa a gefen matakalar, kada a huda dutsen kusa da baki, domin tsatsar ƙarfe tana kumbura ta tsaga dutse.

Tsakanin duwatsu a cike da kwaɓi, a danna shi ya shiga, a goge abin da ya taɓa fuskar dutsen da jiƙaƙƙen soso nan take. Rani ne lokacin wannan aiki, amma iskar hunturu tana busar da siminti kafin ya kama, don haka a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara a riƙa yayyafa ruwa har kwana 7. Kada a shafa fenti ko man ƙyalli na katako, domin suna yin fata a saman dutse, su ƙara santsi, rana ta sa su ɓawo cikin shekara ɗaya ko biyu. Idan ana son kariya daga tabo, akwai ruwan kariya mai shiga cikin dutse ba ya barin komai a sama. Ka fara ɗiga ruwa a kan dutsen bayan ya bushe. Idan minti 10 ya wuce bai yi duhu ba, ba ya shan ruwa, kuma ba ka buƙatar sayen komai. Kafin ku yi jinga da mai aikin, ka sa ya gwada a ƙarshen hawa na ƙasa, faɗin tafin hannu biyu, ka gani a bushe ka gani a jiƙe.

Tambaya: Matakalar cikin gidanmu ta farin mabul ce. Bayan an gama fenti, masu share gida sun wanke ta da asid, yanzu ta dushe ta yi kaushi, kuma akwai tabon manja a hawa biyu na kusa da kicin. Wane sabulu ne zai dawo da ita? (Daga wata uwargida, Barnawa)

Amsa: Hajiya, babu sabulun da zai dawo da ita, domin ba dauɗa ce ta hau kanta ba. Mabul, ko na waje ne ko irin wanda ake haƙowa a Jakura ta Jihar Kogi da Igbeti ta Jihar Oyo, asalinsa dutsen farar ƙasa ne, kuma asid narkar da fuskarsa yake yi. Abin da ya saura shi ne a sake goge ta da faifan daimon da ruwa. Tun da dutsen mai laushi ne, ba a farawa da lamba mai kaushi sosai. 200 ta isa idan cin ya yi yawa, sai 400, a tsaya nan tun da matakala ce. A fara cire manjan kafin gogewa. A kwaɓa garin bekin soda da ruwa ya yi kauri, a lafta a kan tabon, a rufe da leda a manne gefenta, a bar shi kwana ɗaya zuwa biyu, sa'an nan a cire ledar a bari ya bushe da kansa, domin a lokacin bushewar ne yake zuƙo man daga cikin dutse. Tsohon tabo yakan buƙaci a maimaita. Daga yanzu kuma kada lemon tsami, ruwan tsamiya ko maganin wanke masai su taɓa ta. Wannan gargaɗin ya shafi masu daɓen tarazo, domin tsakuwar da ke cikinsa galibi mabul ce a cikin siminti.

Tambaya: Matakalar zauren kakanmu ta jar marmara ce. An taɓa yaɓe ta da siminti, yanzu yaɓen yana ɓallewa yana tafiya da fuskar dutsen. In sake yaɓewa? (Daga wani matashi, Tudun Wada)

Amsa: A'a, ɗana, simintin ne ya jawo ɓarnar. Jar marmara tana shan ruwa tana kuma fitar da shi, siminti kuwa ya fi ta tauri kuma yana kulle danshi a ciki, shi ya sa idan ya tashi ɓallewa yake yagar dutsen. Ka cire abin da ya riga ya saki da hannu, wanda ya kama da ƙarfi ka ƙyale shi har ya saki da kansa, ka share da buroshi mai laushi. Ramuka da tsakanin duwatsu a cike su da kwaɓin farar ƙasa ta gini kashi 1 da yashi kashi 3, a kare shi daga rana da iska, domin yana ɗaukar makonni kafin ya yi ƙarfi. Ka duba indararon zauren, in yana zuba a kan matakalar a karkatar da shi. Idan wurin takawar ya ci har ba ya gyaruwa, a ɗora falalen giranit mai kaurin santimita 4 zuwa 5 a kan kowane hawa, bakinsa ya ɗan zarce marmarar don ruwa ya riƙa ɗiga a gaba, kuma a ɗaga ƙasan da ke gaban hawa na farko da kaurin falalen, a kuma duba dokin ƙofar zauren, don tsawon hawan ya kasance daidai daga ƙasa har sama.